Wane ne ɗan ƙwadago? Rikicin shata iyakar ajin ma'aikata

Jam'iyyar Leba ta ci zaɓen Birtaniya a watan Yulin 2024 da alƙawarin cewa ba za ta ƙara wa "masu aiki" haraji ba. Alƙawari ne mai daɗin ji. Da kasafin kuɗi na ranar 30 ga Oktoba ya gabato, 'yan jarida suka tsare Firaminista Keir Starmer da tambaya: su wane ne masu aikin nan? Ya ce yana nufin mutumin da ke fita ya nemi na kansa, ana biyansa a ƙarshen wata, kuma ba shi da tarin ajiyar da zai kashe gobara da ita in ta tashi. Aka ce to mai hannun jari ko mai gidan haya fa? Ya ce waɗannan ba sa cikin lissafinsa. Ba a jima ba ofishinsa ya fito yana gyara magana, wai mai ɗan ƙaramin hannun jari shi ma yana ciki. Da kasafin ya zo, aka ɗaga kuɗin inshorar ƙasa da masu ɗaukar ma'aikata ke biya daga kashi 13.8 zuwa kashi 15 cikin 100, gwamnati ta ce ai ba ta taɓa ma'aikaci ba, masana tattalin arziki kuma suka ce a albashinsa abin zai ƙare.

An yi wa Starmer dariya sosai, amma tuntuɓen da ya yi tsohon tuntuɓe ne. Kusan shekaru ɗari biyu ke nan ana kai ruwa rana a kan wannan iyaka, kuma manyan masana da suka ba da rayuwarsu ga nazarinta ba su shata ta a wuri guda ba.

Ko a bakinmu matsalar tana nan. Ka ce "ma'aikaci", mai sauraro ya hango mutum da tebur da albashi da fansho. Ka ce "lebura", ya hango gumi da ɗaukar kaya. Ka ce "talaka", ya hango wanda ba shi da dukiya kuma ba shi da ta cewa. "Ɗan ƙwadago" ya fi kusa da abin da ake nufi, amma shi ma yana karkata ga aikin ƙarfi. Kowace kalma ta kama gefe ɗaya: wata ta dubi yadda ake biyan mutum, wata irin aikin da yake yi, wata abin da ya mallaka da matsayinsa gaban masu iko. Waɗannan gefuna ne dai masana ke ja a kansu.

Ma'aunin da ya fi shahara na Karl Marx ne. Kalmar da ya yi amfani da ita ta samo asali ne daga tsohuwar Rum, inda ake kiran mafi ƙasƙancin rukunin 'yan ƙasa proletarii, wato waɗanda in an zo ƙidayar dukiya ba a samun komai a hannunsu sai 'ya'yansu. A wurin Marx, tambayar guda ce: shin ka mallaki abin da ake samar da dukiya da shi, kamar ƙasa, masana'anta, injin ko jari? In ba ka mallaka ba, dole ka sayar da ƙarfinka da lokacinka ga wanda ya mallaka, shi kuma ba zai saya ba sai in abin da za ka samar ya fi abin da zai biya ka. Wannan rarar ita ce ribarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ke nan a taƙaice littafin Das Kapital da kashinsa na farko ya fito a 1867.

Ƙarfin wannan ma'auni shi ne bai damu da kamanni ba. Ba ruwansa da ko hannunka ya yi kanta, ko kana ɗaura lakatayi. Dangantaka yake aunawa: wa ke sayarwa, wa ke saye. Amma ka bi shi har ƙarshe ka ga inda zai kai ka. Matuƙin jirgin sama ɗan ƙwadago ne, haka likitan tiyata da ke aiki a asibitin wani, haka ɗan ƙwallon da ke karɓar albashin da ya fi kuɗin shigar wasu ƙananan kamfanoni. Shi kuwa tela mai keke ɗaya, wanda ke hannu baka hannu ƙwarya, ya fita daga ajin, domin kayan aikin nasa ne. Marx kansa ya hango wannan tarko. Babi na ƙarshe a kashi na uku na littafin nasa sunansa "Azuzuwa", kuma a nan ya yi tambayar me ke sa rukuni ya zama aji, ya fara magana a kan likitoci da jami'an gwamnati, sai rubutun ya yanke bayan ɗan abin da bai kai shafi biyu ba. Ya rasu a 1883. Abokinsa Friedrich Engels ya buga littafin a 1894, da bayanin cewa a nan rubutun ya tsaya. Mutumin da duniya ta fi danganta shi da zancen aji bai gama faɗin mene ne aji ba.

Max Weber, Bajamushen da ya rasu a 1920, ya zo da gyara. Ya yarda mallaka tana da muhimmanci, amma ya ce waɗanda ba su mallaki komai ba su ma ba ɗaya suke ba, domin abin da kowa ke kaiwa kasuwar aiki ya bambanta. Mai ƙwarewar da ba kowa ke da ita ba yana iya ciniki, wanda aikinsa kowa zai iya yi kuwa sai abin da aka ba shi. Ya kuma raba aji da daraja: mutum na iya zama da kuɗi ba a ganin girmansa, wani kuma ana girmama shi aljihunsa fayau.

A kan wannan turba masanin Birtaniya John Goldthorpe ya gina ma'aunin da, a ganina, ya fi kowane taɓa ainihin rayuwar wurin aiki, kuma a kansa aka ɗora tsarin da hukumar ƙididdigar ƙasar ke amfani da shi tun 2001. Ya dubi matsalar daga kujerar mai ɗaukar aiki. Akwai aikin da ake iya ƙirgawa: bulo nawa ka ɗora, kira nawa ka amsa, kwali nawa ka cika a awa. Irin wannan ba sai an amince da kai ba, sa ido ya wadatar, kuma in ka tafi gobe akwai wani a bakin ƙofa. Saboda haka ana biyanka gwargwadon awa ko gwargwadon abin da ka yi, ba alƙawarin komai. Akwai kuma aikin da ba a iya ƙirgawa, kamar na lauya ko injiniyan da ya san sirrin kamfani. Ba a iya tsayawa a kansa a ga ko yana yi da gaske, kuma rasa shi hasara ce. To dole a saye zuciyarsa da albashi mai tabbas, da ƙarin girma, da fansho, da hutun rashin lafiya. Mai aiki irin na farko shi ne ɗan ƙwadago. Abin da ya raba su, a wannan fahimta, shi ne ko ana amincewa da kai ko ana gadinka, da kuma ko gobenka a wurin aikin tana da tsani ko fili ce shimfiɗaɗɗiya. Wannan ya bayyana abin da ma'aunin "aikin ƙarfi da aikin biro" ya kasa bayyanawa: matashiyar da ke zaune a ofis mai sanyi tana amsa kiran abokan ciniki, ana ƙirga mata daƙiƙun da ta yi a banɗaki, ta fi kusa da mai aikin masaƙa fiye da akantan da ke bene na sama.

Manaja fa? Shi ma albashi yake ci, ana iya korarsa, amma shi ke korar wasu. Ba'amurken masani Erik Olin Wright ya ce irin waɗannan suna tsaye ne a matsayi mai cin karo da kansa, ƙafa ɗaya can ƙafa ɗaya nan. Wasu sun ga wannan a matsayin kauce wa tambaya. Ni ina ganin gaskiya ce kawai ya faɗa, domin duk wanda ya taɓa ganin shugaban sashe ranar yajin aiki ya san bai san inda zai tsaya ba.

Ma'aunin da ya fi yawo a kafafen watsa labarai kuwa shi ne mafi rauni. A Amurka, masu jin ra'ayin jama'a sun saba kiran duk wanda ba shi da digirin jami'a ɗan ajin ma'aikata, wato fiye da kashi 60 cikin 100 na manya. Dalilin sauƙi ne kawai: tambayar digiri tana da amsa i ko a'a, kuma tana hasashen yadda mutum zai jefa ƙuri'a. Sai dai da wannan ma'auni, ɗan kwangilar da ke da motoci goma da yara talatin a ƙarƙashinsa ɗan ƙwadago ne, ita kuma malamar da ke da digirin digirgir tana koyarwa a jami'o'i uku da kwantiragin zango-zango, ba inshorar lafiya, ta shiga cikin manya. Duk lokacin da ka ji an ce ajin ma'aikata ya koma wa jam'iyya kaza, ka fara tambayar da wane mudu aka auna, domin sau da yawa labarin ilimi ake bayarwa da sunan labarin aji. Birtaniya ma tana da nata, harufan A, B, C1, C2, D da E, waɗanda asalinsu don masu talla aka ƙirƙiro su, a san wa ke karanta wace jarida.

Amma ba za a ce ilimi da ɗabi'a ba su da alaƙa da zancen ba. Pierre Bourdieu na Faransa, a babban aikinsa na 1979, ya nuna cewa jari ba kuɗi kaɗai ba ne. Wanda ka sani jari ne. Yadda kake magana, abin da ka karanta, sanin yadda ake zama a gaban manya ba tare da rawar jiki ba, duk jari ne, kuma ana gadonsu kamar yadda ake gadon gona. A 2011 tashar BBC tare da masana irin su Mike Savage da Fiona Devine suka gwada auna waɗannan jaruka uku, mutum fiye da dubu 160 suka amsa tambayoyi ta intanet, a 2013 aka fito da azuzuwa bakwai. Tsohon ajin ma'aikata ya tashi da kashi 14 cikin 100 kacal, ƙasa da shi kuma akwai kashi 15 na marasa tabbas, waɗanda masani Guy Standing ya yi musu littafi a 2011. Abin dariya a binciken shi ne, masu hali ne suka yi rububin amsa tambayoyin, na ƙasa kuwa da ƙyar aka ga ƙeyarsu, har sai da aka yi wani ƙaramin bincike daban na mutum kusan dubu ɗaya don a gyara lissafi. Ko shiga binciken aji, ashe, aji ne ke yanke shi.

To me zai hana a tambayi mutane kawai? An tambaya. Binciken ra'ayin jama'ar Birtaniya da aka fitar a 2016 ya samu kashi 60 cikin 100 suna kiran kansu 'yan ajin ma'aikata, daidai da adadin 1983, alhali a tsakanin shekarun an rufe ma'adinan kwal da masana'antu bila adadin. Kusan rabin manajoji da ƙwararru ma haka suka kira kansu. Ba ƙarya suke yi ba. Gidan da suka tashi suke faɗa, da aikin ubansu, da harshen unguwarsu. Masanin tarihi E. P. Thompson ya yi jayayya a 1963 cewa aji ba akwati ba ne da ake jefa mutane ciki, abu ne da ke faruwa lokacin da mutane suka gane wahalarsu iri ɗaya ce kuma buƙatarsu ta saɓa da ta wasu. Maganarsa tana da nauyi, domin ba a taɓa yin yajin aiki da jadawalin ƙididdiga ba. Sai dai in aka bar wa kowa ya zaɓi ajinsa, attajirin da kakansa maƙeri ne zai riƙa magana da sunan maƙera har abada, kuma 'yan siyasa sun daɗe da gano daɗin wannan.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu yana da wani babban gurbi. An gina shi ne a kan hoton namiji mai albashi a ƙasa mai masana'antu, kuma yawancin masu aiki a duniya ba su taɓa kama da wannan hoto ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mutum biliyan biyu, fiye da kashi 61 cikin 100 na masu aiki a doron ƙasa, suna aiki ne ba rajista, ba kwantiragi a rubuce, ba fansho. A Afirka adadin ya kusa kashi 86. Sunan wannan fanni ma, wato informal sector, sabo ne: masani Keith Hart ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1970, bayan ya zauna cikin 'yan ci-rani a birnin Akra ya ga mutanen da takardun gwamnati ke kira marasa aikin yi suna aiki daga asuba har dare.

Ina za a sa ƙaramin manomi? Marx ya ɗauka manoma a warwatse suke, ba za su iya haɗa kai su zama aji mai tsayawa da ƙafarsa ba. Mao Zedong ya juya maganar, ya gina juyin juya halin Sin a kansu. Frantz Fanon ya ƙara gaba a 1961, ya ce a ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka, mai albashi a birni ɗan gata ne in aka gwada shi da mutumin karkara. Wannan ya nuna matsayin albashi kansa yana sauyawa da wuri. Inda kowa ke da shi, alamar rashin mallaka ce. Inda mutum ɗaya cikin goma ke da shi, gata ne da ake nema da addu'a.

Kuma kalmar "mai zaman kansa" tana ɓoye abubuwa da yawa. Manomin da gonar tasa ce, amma iri da taki bashi ne daga kamfani, kuma dole ga kamfanin zai sayar a farashin da kamfanin ya yanka, me ya raba shi da mai albashi in ban da cewa in damina ta ƙi, hasarar tasa ce shi kaɗai? Direban da ke karɓar mota haya, yana kai wa mai ita kuɗi kowace yamma ko an samu ko ba a samu ba, mai jari ne? A takarda kowannensu ubangidan kansa ne. A zahiri an sauke musu haɗarin mai jari ne aka hana su ribarsa, aka kuma hana su kariyar ma'aikaci.

Sai matar da ke gida. Ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta nuna mata ke yin kusan kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da iyali da ba a biya. A 1972 Selma James da Silvia Federici da Mariarosa Dalla Costa suka fara fafutukar neman a biya aikin gida, da hujjar cewa ma'aikacin da ke isa masana'anta da safe a ƙoshe, da wankakken kaya, wani ne ya yi aikin da ya tsayar da shi, kuma mai masana'antar ya ci moriyar aikin kyauta. Tsofaffin ma'aunai sukan ba mace ajin mijinta kawai su wuce.

Wanda zai ce duk wannan wasan kalmomi ne, ya dubi Amurka ta 1935. A shekarar aka kafa dokar da ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da ciniki da masu ɗaukarsu, da kuma dokar fansho ta ƙasa, kuma dukansu biyu suka cire ma'aikatan gona da masu aikatau a gidaje. Kaso mai yawa na baƙaƙen fata a kudancin ƙasar waɗannan ayyuka suke yi. Da layi ɗaya a takarda aka fitar da su. Yarjejeniyar duniya da ta amince mai aikatau ma'aikaciya ce kamar kowa sai 2011 aka samar da ita.

In ni za a tambaya, ba zan fara da digiri ko lafazi ko irin tufafi ba. Zan tambayi mutum: in ka daina aiki yau, wata nawa za ka yi kafin tukunya ta daina hawa wuta? Wannan tambaya ta fitar da ɗan ƙwallon nan mai tarin dukiya, wanda bayan 'yan shekaru jarinsa ke ciyar da shi ba ƙafarsa ba, ta kuma shigo da telan mai keke ɗaya. Sannan in tambaye shi wa ke yanka farashin aikinsa da lokacinsa, kuma shi yana yanka wa wani? Na san ma'aunin nawa ma yana yoyo. Malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya suna da 'yancin yanke shawara a aikinsu fiye da mai shara, amma albashin wata biyu ne tsakaninsu da bashi. Na sa su a ciki, kuma na san akwai mai shara da zai yi murmushi in ya ji.

Tambaya ta biyun ce ke gaban kotuna yanzu, saboda kamfanonin manhaja. A watan Fabrairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber ma'aikata ne da suka cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, duk da kwantiragin ya kira su masu zaman kansu. Alƙalan ba su tsaya ga takarda ba, suka dubi wa ke da iko: kamfanin ke yanka kuɗin tafiya, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke hukunta direban da ya yawaita ƙin ɗaukar fasinja, shi ke amfani da makin fasinjoji wajen dakatar da mutum, shi ke hana direba ƙulla hulɗa da fasinja. Watanni uku kafin nan, a Kalifoniya, irin waɗannan kamfanoni sun kashe fiye da dala miliyan 200 a kamfen ƙuri'ar raba gardama, masu zaɓe kuma suka amince direbobi su ci gaba da zama masu zaman kansu. Aiki ɗaya, manhaja ɗaya, amsa biyu.

Ko a Birtaniyar ba a gama ba. A watan Nuwamban 2023 kotun nan dai ta yanke cewa masu kai saƙon Deliveroo ba su da hurumin tilasta wa kamfanin ya zauna ciniki da ƙungiyarsu, kuma babbar hujjar ita ce kwantiraginsu ya yarda mutum ya tura wani ya yi aikin a madadinsa. Tarayyar Turai kuma ta amince da wata doka a 2024 wadda ta juya nauyin hujja: in alamun iko da umarni suka bayyana, za a ɗauki mai aikin manhaja a matsayin ma'aikaci, kamfani ne zai kawo shaidar cewa ba haka ba ne. An ba ƙasashe mambobi zuwa Disambar 2026 su shigar da ita cikin dokokinsu, kuma an bar wa kowace ƙasa ta fayyace da kanta waɗanne alamu ne za a ƙirga.